Shekara Shida da Aka Rage wa Dogo

Ma'aikaciyar ofishin fansho ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Dogo, ta ɗora bakin biro a kan wani layi.

"Ka gani? Shekararka sittin da ɗaya. Sai ka cika sittin da bakwai za mu fara biyanka. Saura shida."

Dogo ya sunkuya ya duba, ba don yana bukatar dubawa ba. Ranar nan ya san ta kamar sunansa: ɗaya ga Janairu. Tana jikin fasfonsa, tana jikin katin zamansa na ƙasar, tana jikin ɗan katin da yake ratayawa a wuya a wurin aiki. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana rubuta ta yana sa hannu a ƙasa, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama gaskiya ba.

"Likita ya ce gwiwar ta gaji," in ji shi da harshen mutanen ƙasar, wanda har yau yake yi masa gardama a baki idan ransa ba daɗi. Ya miƙa mata takardar likitan.

Ta karanta tsaf, ba ta yi masa gaggawa ba. Yarinya ce mai kirki, ba za ta girmi 'yarsa da yawa ba.

"Likita ya ce a rage maka ɗaukar nauyi. Bai ce ba za ka iya aiki ba. Da wannan ba za a sallame ka don rashin lafiya ba. Ka yi haƙuri."

Ya karɓi takardar ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa. Ya yunƙura zai tashi, sai kuma ya koma ya zauna.

"To a ce, misali dai nake yi, a ce akwai kuskure a shekarar haihuwar mutum?"

Ta ɗago ta kalle shi. Ta kalli furfurar da ta cinye masa gemu, ta kalli hannayensa. Sannan ta rage murya.

"Akwai fom na gyara. Amma kada ka karɓe shi daga hannuna yau. Ka fara ganin lauya. Akwai masu ba da shawara kyauta a tsallaken titi, hawa na biyu, suna nan har ƙarfe uku."

A kan benci a bakin ƙofa Tela yake jiransa, ya harɗe ƙafa yana kallon masu wucewa, irin zaman wanda ba shi da ogan da zai kira shi. Tela amininsa ne tun suna tsere da gargare a layinsu. Shekararsu ɗaya, kusan tare aka yaye su. Amma shi ta wata hanya ya shigo ƙasar, da shekarunsa na gaskiya, don haka wata huɗu ke nan da ya yi ritaya, ya ɗaga keken ɗinkinsa sama, ya koma sana'ar tsokanar mutane.

"Yaya dai, yaro? An ba ka alewa an ce ka koma makaranta?"

"Tela, ka fita idona."

"Kai, ka ji yaran zamani! Haka ake yi wa wanda ya ba ka shekara shida magana? Durƙusa ka gaishe ni."

"In na durƙusa kai za ka ɗaga ni?"

Tela ya yi dariya har da buga cinya, amma ya miƙe ya ba shi kafaɗa suka sauka daga matakalar.

Yadda abin ya faru ba wani dogon labari ba ne. Kamfanin da ya kwaso su daga gida ba ya ɗaukar wanda ya haura talatin da biyar, Dogo kuwa a lokacin ya cika arba'in cif. Mutumin da yake cika wa mutane fom a bakin ofishin ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai da ko furfura ɗaya ba ka da ita? Talatin da huɗu." Ya buga. Wata da rana kuwa bai ma tambaya ba, rabin mazan da suka hau jirgin nan ɗaya ga Janairu aka haife su. Dogo ya yi ta godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara arziki. A lissafinsa shekara uku zai yi ya tara abin da zai tara ya koma. Wa yake tunanin fansho yana da ƙarfin da zai ɗauki buhu biyu a kafaɗa?

Kamfanin ya daɗe da rushewa. Dogo ya yi gadi, ya yi wankin motoci, daga baya ya sami aikin da yake yi yanzu a babban asibiti: tura gadon marasa lafiya. Daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto, daga ɗakin hoto zuwa tiyata, daga tiyata a dawo, doguwar baranda mai ƙyalli wadda ba ta ƙarewa. Kowane majinyaci akwai 'yar roba a wuyan hannunsa mai ɗauke da suna da ranar haihuwa, kuma dole Dogo ya karanta kafin ya tura. Nan ne abin yake ci masa rai. Sai ka ga nas tana cewa, "A hankali da dattijon nan," shi kuwa ya duba hannun dattijon ya ga ƙanin bayansa ne. Ya haɗiye maganarsa ya tura.

Ba gwiwar ce kaɗai ta kawo shi ofishin fansho ba. Yaya ce. Ita ta goya shi, ita ta riƙe shi bayan rasuwar Inna, ita ta sayar da awarwaronta aka yi masa fasfo. Yanzu shekararta saba'in da tara, idanunta sun fara dushewa, kuma a duk waɗanda suka fito ciki ɗaya su biyu suka rage. Hutun sati uku da yake zuwa bayan shekara biyu ko uku ba ya isar su ko gaisuwa. Ya gina ɗaki a gefen nata, ya yi mata alkawari da bakinsa cewa bana zai dawo ya zauna. In kuwa ya ajiye aiki haka kawai, shekara shida ne babu albashi babu fansho, ga iyali.

Lif ɗin ginin da ke tsallaken titi ya lalace. Dogo ya tsaya a gindin bene ya ɗaga kai ya ƙirga matakala da ido.

"Hawa na biyu," in ji Tela. "Yaro ɗanye kamarka ai da gudu."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

Suka hau a hankali, ƙafar dama ta fara, ta hagu ta biyo.

Lauyar dattijuwa ce, gilashinta a rataye da igiya a wuya, teburinta cike da fayil har ba ka ganin katakon. Ta ce wa Tela ya jira a waje, ta rufe ƙofa, ta ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya. Dogo ya faɗa mata komai. Karo na farko ke nan da ya faɗi maganar ga wanda ba ɗan gida ba, kuma ya yi mamakin yadda ta ƙare a cikin minti uku. Ita ko gezau, da alama ba shi ne na farko ba.

"Kana da wata shaida ta ainihin shekarar?"

"Mahaifinmu yakan rubuta ranar haihuwar kowane ɗa a bangon wani tsohon littafinsa. Yana wajen yayata. Jiya na ce ta nemo shi."

"Yayar taka za ta iya rantsuwa a kotu?"

"Ita ta goya ni."

"To ana iya gyarawa."

Wani sanyin daɗi ya ratsa Dogo tun daga ƙeya har tafin ƙafa. A cikin daƙiƙa ɗaya har ya ga kansa zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Yaya, ya miƙe ƙafar nan, babu mai kiransa a waya ya zo ya tura kowa.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji lauyar, ta ɗora gilashin a hanci. "Ranar da ka miƙa fom ɗin nan, ka faɗa da bakinka cewa takardar da ka shigo da ita ba daidai ba ce. Za su buɗe fayil ɗinka tun daga shafin farko. Kai ka daɗe, ba ka taɓa laifi ba, mai yiwuwa su ja maka kunne su bar ka. Mai yiwuwa, na ce, ban yi maka alkawari ba. Wa da wa suka shigo ƙasar nan a ƙarƙashinka?"

"Maiɗakina da 'yata."

"Sun sami katin zama na dindindin?"

"Uwar ta samu tun tuni. Yarinyar tana jira. Wata huɗu suka ce."

"Me take yi?"

"Ta gama karatun jinya." Duk da halin da yake ciki sai da ya ɗan gyara zama da ya faɗi haka. "An ɗauke ta aiki. Katin kawai suke jira ta kai musu."

Lauyar ta cire gilashin ta sake shi a ƙirji.

"Nata a kan naka yake tsaye. Da zarar an buɗe naka, nata ya tsaya cak har sai an gama. Shekara biyu, uku, ba wanda ya sani. Ba za ta iya aiki ba a tsakanin. In kuma naka ya sami matsala, nata ma ya samu."

Dogo ya sunkuyar da kai. Can wata dabara ta faɗo masa, ya ɗago da sauri.

"To in bari ta karɓi nata tukuna. Wata huɗu ai ba komai ba ne. Sai in gyara daga baya."

"Kowa haka yake cewa in ya zo nan." Ta yi ɗan murmushin tausayi. "Duk katin da ya fito ta dalilin naka, suna da ikon waiwayarsa har shekara biyar bayan an bayar."

Shekara biyar da wata huɗu. Dogo ya haɗa a ransa, ya ga abin da ya rage tsakaninsa da shida bai kai a hau bene saboda shi ba. Dariya ta kubce masa, irin wadda ba ta da daɗi ko kaɗan. Lauyar ba ta yi ba. Ta zaro fom ɗin daga aljihun tebur ta ajiye a gabansa, ta ce ba sai ya yanke shawara yau ba. Ya sa shi a aljihun kwat ɗinsa ya yi mata godiya.

A cikin bas Tela bai tsokane shi ba ko sau ɗaya, abin da ya fi tsokanar ciwo. A tasha ta uku ya juyo ya tambaye shi.

"'Yar taka Auta ta sani?"

"Ba ta sani ba. A wurinta sittin da ɗaya nake."

"Ka gaya mata mana. Ba yarinya ba ce."

"In gaya mata ta ce me? Ka san halinta. Cewa za ta yi Baba ka gyara, ni zan jira. Kuma da gaske take."

"To ba shi ke nan ba?"

"Shi ya sa ba zan gaya mata ba."

Tela ya juya yana kallon taga. Da bas ta tsaya wata mata mai sanda ta shigo, Dogo ya fara yunƙurin tashi ya ba ta wuri don sabo, Tela ya danne masa cinya, shi ya miƙe ya ba ta.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, nan dai lif yana aiki, alhamdu lillahi. Tun daga ƙofa ya ji muryar Auta. Ita ce ƙaramar 'ya'yansa, yayyenta biyu suna gida da iyalansu, ita kaɗai ta taso a nan tun tana da shekara tara. Hausarta in ta yi sauri takan karkace, uwar ta yi ta gyara mata.

"Baba, sannu da zuwa! Zauna, zauna, kada ka cire kwat, hannu ɗaya nake so."

Ta sayo sabon abin awon jini, tun safe ta auna uwarta sau uku, ta auna maƙwabciya. Ta naɗe masa hannun riga ta ɗaura, ta ɗaure fuska irin ta ma'aikata.

"Suna?"

"Ubanki."

"Baba, don Allah, gwaji nake yi. Shekaru?" Ba ta jira amsa ba ta rubuta a 'yar takardarta. "Sittin da ɗaya. Akwai inda yake maka ciwo?"

"Babu."

"Ƙarya dai ba kyau, majinyaci. Na ji hawowarka tun daga lif." Ta durƙusa ta taɓa gwiwar da yatsu biyu, a hankali, yadda aka koya mata. Fuskar wasan ta tafi. "Ta kumbura fa. Wallahi Baba gwiwar nan ta girme ka. In na fara aiki zan nema maka likitan ƙashi na gaske, ba wannan mai kallon agogo ba. Kuma ka daina karɓar aikin ranar hutu, na gaya maka."

Ya dubi tsakar kanta tana durƙushe a gabansa. Ƙaunarta ta cika masa ƙirji, tare da wani baƙin ciki da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya ce, "To, likita. Yaya jinin?"

"Ya ɗan hau. Me ka yi tunani a hanya?"

"Tela na biyo."

"Shi ke nan, an gano cutar."

Ta tattara kayanta ta fita, wai za ta je ta auna ƙawarta. Sai da ƙofa ta rufe Maman Auta ta fito daga kicin tana goge hannu. Ita ta sani, tun ranar da aka buga talatin da huɗun ta sani. Ta zauna a hannun kujera, ya faɗa mata yadda aka yi daga farko har ƙarshe, ya ciro fom ɗin ya ajiye a kan tebur. Ta dube shi ba ta taɓa ba.

"Malam, ni ba zan ce maka yi ko bari ba. 'Yata ce, Yaya kuma uwa ce a wurinka. Duk wanda na zaɓa na zalunci ɗaya." Ta yi ajiyar zuciya. "Yaya ta kira sau biyu kana waje. Ta ce ta samo littafin."

Ya yi sallar la'asar a zaune a kan kujera, kamar yadda yake yi tun bara. Ya daɗe bayan sallama bai tashi ba. Sannan ya ɗauki waya ya matsa kusa da taga, inda ta fi kamawa.

Bugu ɗaya ta ɗauka, ashe wayar tana hannunta.

"Ɗan goyona! Kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi kyau tun da na ji za ka dawo. Kai, ka ba ni aiki jiya! Sai da aka sauke akwati uku. Yana can ƙasan na Inna, an naɗe shi a tsohon ɗankwali, gara ta ɗan ci gefe amma ba ta taɓa wurinka ba. Na sa an karanta mini. Ga ka nan, na biyar, ranar Talata da hantsi. Ni ma ai na tuna, ina wanke-wanke aka ce in ajiye in kira ungozoma, na fita da gudu ba takalmi. Sittin da bakwai cif, ba ragi. Ka turo takardar in dangwala, ko kotun ce a kai ni, ina da bakin magana."

"Yaya..."

"Ɗakinka kuma an share. Na sa an yi labule. Shuɗi ne wai, ni dai ban gani sosai ba, in bai yi maka ba ka canja."

Dogo ya dafa bangon taga. A ƙasa motoci suna ta wucewa, wata mata tana jan keken jariri a gefen titi.

"Yaya, ki mayar da littafin cikin akwati."



"Ban ji ba."

"Ki adana shi. Ba zan yi gyaran ba." Ya faɗa mata dalili, bai ɓoye komai ba, bai kuma yi wa maganar ado ba: katin Auta, aikin da take jira, fayil ɗin da za a buɗe. Yana magana yana jin numfashinta a kunnensa. Da ya gama ya ce, "Ki yafe mini. Na yi miki alkawari na saɓa."

"Yarinyar ta sani?"

"A'a."

"Kada ka gaya mata. To yanzu sai yaushe?"

"Zan zo hutu, in Allah ya yarda. Zan roƙi sati huɗu."

"Ba hutu na tambaye ka ba."

Ya rufe ido.

"Shekara shida, Yaya."

Ya ji tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, yadda take yi tun suna yara, tana taɓa gaɓoɓin yatsu. Tamanin. Tamanin da ɗaya. Ba ta kai ƙarshe ba ta bari. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, bai ko ɗaga hannu ya share ba. Maman Auta ta tashi ta koma kicin ta ja ƙofa.

Can sai Yaya ta yi 'yar dariya, gajeriya, irin wadda take yi in ya yi ɓarna yana ƙarami ta rasa yadda za ta yi da shi.

"Ka yi daidai," in ji ta. "Da ka taɓa takardar yarinyar nan da ni da kai ne. Zan sa a cire labulen kada rana ta cinye shi."

"To, Yaya."

"Amma ka ji, ɗan goyona."

"Na'am."

"Ka yi sauri ka tsufa. Ni babu wanda ya rage mini nawa."